Jan Layi da Koren Layi

SHAFI NA 9

Masu aiko min da "ina ci gaba?" tun kafin in wanke ido, na gan ku duka. Wata ma cewa ta yi in kwatanta mata gidanmu ta zo ta karɓi wayar ta ƙarasa rubutun da kanta. Zo mana, baiwar Allah, sai ki fara da tulin wankin da ya hana ni zama. Ga naku nan dai.

* * *

Ƙarfe huɗu masu buga manyan hotuna suke daina karɓar aiki. Agogon bangon shagonmu ya nuna biyu da kwata, ni kuwa ko hular Baba ban gama fitarwa ba.

"Yaya, ɗan janye kanki mana, ba na gani," in ji Umma.

"Ke da kika baro gilashinki a gida? Ko ficewa na yi daga ɗakin me za ki gani?" in ji Goggo.

Umma a damana, Goggo yayar Baba a haguna, kowacce ta jawo kujera har gwiwarta na gugar tawa. Shekarata bakwai a wannan shagon hoto ina raba mutane da kaya da abin da ke bayansu. Takalma, jakunkuna, jarirai, har akuya na taɓa cirowa daga tsakiyar kasuwa. Amma ban taɓa aiki da masu sa ido biyu suna hura min numfashi a wuya ba.

Makarantar da Baba ya koyar shekara talatin da ɗaya ce ta gina ɗakin karatu, za su sa masa sunansa, shekara guda bayan rasuwarsa. Gobe da safe za a buɗe. Abu ɗaya suka roƙa: hotonsa a tsaye, shi kaɗai, wanda za a rataye a bango. Baba kuwa in ya ga kyamara sai ya tuna yana da aiki a wani ɗakin. Duk abin da ya bar mana hoton katin aiki ne, wanda hatimi ya cinye rabin fuskarsa.

Sai yau da rana Goggo ta shigo da wani tsohon hoto a cikin ambulan. Baba ne yana matashi, tsaye a ƙofar wani gida, da farar riga, yana dariya har haƙoransa a waje. Umma na gefensa cikin shuɗiyar doguwar riga. Bayansa kuma duhun ƙofa ne.

Na sa shi a sikana, ya hau kan allo. Na zana akwati na kewaye Baba, na danna. Manhajar ta yi ɗan nazarinta, ta kawo min abin da ta ga dama: Baba babu kunne ɗaya, an liƙa masa rabin taga a kafaɗa.

Goggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ta cire masa kunne!"

"Yana nan, Goggo. Ɓoye shi ta yi."

"A kan wane dalili? Me kunnen ya yi mata?"

Na ja numfashi. Na ɗauki alƙalamin allo na nuna mata. "Kin ga, launi biyu gare ni. Inda na ja koren layi, ina gaya mata wannan nawa ne, ki bar min shi. Inda na ja jan layi, ina cewa ba na so, kwashe. Ita ba ta san Baba ba. Launi take bi. In ta ga abu ya yi kama da wanda na sa wa kore, sai ta ce ai ɗan gida ne."

Na ja kore a kan kunnen. Ya dawo. Na ja ja a kan tagar. Ta ɓace.

"Tabɗi," in ji Goggo. "Ni da nake jin an ce kwamfuta ta fi mutum sani. Ashe ita ma sai an kama hannunta kamar ɗan aji ɗaya."

"Ki bar yarinya ta yi aikinta, Yaya."

"Na riƙe mata hannu ne?"

Ba ta riƙe ba, amma yatsanta yana kan allon, ta bar min tambarin maiƙo daidai goshin Baba. Na goge da gefen mayafina.

Farar riga a jikin farin bango, wannan ita ce masifar duk mai irin aikina. In na sa ja a bangon, sai manhajar ta haɗa da hannun rigar ta cinye. In na sa kore a hannun rigar, sai ta kwaso min bangon gaba ɗaya ta ce ga Babanki. Haka na dinga bi da ƙananan layuka, kore nan, ja can, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake.

Oga, mai shagon, ya leƙo daga ɗakin ɗaukar hoto. "'Yar Malam, saura awa ɗaya da rabi fa. Kuma mai takalman nan da ke jiran hotunan tallarsa ya kira sau uku."

"Ka ce masa takalmansa ba gudu za su yi ba, Oga."

"Na faɗa masa. Ya ce masu saye ne za su gudu." Ya rusuna wa su Umma. "Sannunku, Hajiya." Ya koma.

Na zo kan Umma. Kafaɗarta ta ɗan hau kan ta Baba. Na ja jan layi tun daga ɗankwalinta har ƙasa.

"Au, har da ni?"

"Shi kaɗai suka ce, Umma."

"To goge ni a hankali."

Goggo ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai ke ba wuyar gogewa gare ki a nan ba. Dubi ƙugu don Allah, kamar a busa ki faɗi. Wa zai ce ke ce wannan?"

Na zaci Umma za ta rama, don ba ta barin ta kwana. Sai kawai ta gyara zama, ta shiga murza zoben hannunta.

Ban kula ba a lokacin. Hankalina na kan hannun Baba na hagu.

Hannun ya sauka ne ya ɗan koma baya, cikin duhun ƙofar. Kuma duk yadda na yi, manhajar sai ta bar wani dunƙule a manne da yatsunsa, kamar ya riƙe dankali. Na sa wa dunƙulen ja. Ta kwashe shi har da yatsun Baba huɗu. Na sa wa yatsun kore. Suka dawo, dunƙulen ma ya dawo.

Na ja tsaki. Na rage kaurin alƙalamin na sake. Haka dai.

Na uku. Na huɗu.

"Wai ke wace irin mai taurin kai ce?" na ce wa allon.

"Da wa kike?" in ji Goggo.

"Da wadda ba ta ji."

"To ai mu uku ne a ɗakin, sai ki fayyace."

Umma ta yi gyaran murya. "Ki yanke hannun gaba ɗaya mana. Ai fuska ake so a gani."

Na juyo na dube ta. "Umma, a rataye Baba da dungu a ɗakin karatu?"

"To ki yi shi daga ƙirji zuwa sama."

"Sun riga sun yanka firam, dogo ne. Sun ba ni awo."

"Sai su sake wani."

"Yau? Gobe fa za a buɗe."

"To ki sa masa hannun a aljihu. Ba kin ce babu abin da ba ku iya yi ba?"

"Ban taɓa cewa haka ba, Umma. Ke kike faɗa wa maƙwabta haka." Na mayar da ido kan allon. "Bari kawai in ga mene ne. In na ƙara haske a wurin zan san inda yatsa ya ƙare."

"Kar ki ƙara."

Yadda ta faɗa ne ya sa na tsaya. Ba faɗa ba ne. Kamar roƙo.

"Zai ɓata hoton," ta ƙara da sauri.

"Ba zai taɓa hoton ba. Don idona ne kawai, in na gama in mayar."

Goggo ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta kafa wa fankar sama ido kamar yau ta fara ganin fanka. "Ƙara, 'Yar Malam," ta ce. "Ƙara sosai. Duhu ya yi yawa a wurin nan."

Na dawo da bayan hoton duka. Na jawo wurin kusa har ya cika allon. Na tura haske.

Ba dankali ba ne.

Ƙafa ce. 'Yar mitsitsiyar ƙafar jariri, da yatsu biyar kamar ƙwayar masara, ta leƙo daga cikin tawul. Baba ya zagaye ta da yatsunsa. Launin fatar ɗaya ne da nasa, shi ya sa manhajar ta rantse duk jiki ɗaya ne.

"Laa," na ce. "Jariri ne ashe. Na wa?"



Na matsa sama. Tawul. Hannu siriri da ya rungume tawul ɗin. Na ƙara tura haske. Daga cikin duhun ƙofar fuskar mace ta fito, rabi kafaɗar Baba ta tare. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyu ba. Ba ta kallon kyamara, ba ta kallon jaririn. Wani wuri can take kallo, inda babu kowa.

Daidai nan Oga ya sake shigowa da waya a hannu. "'Yar Malam, mai takalman nan ya ce ko guda biyar ne ki..." Ya tsaya. Ya dubi allon, ya dube ni, ya fashe da dariya. "Kai! Ana sauri kina wasa? Yaushe kika liƙa fuskarki a hoton? Wallahi ya zauna, ko ni ban ga ɗinkin ba."

"Ban liƙa komai ba, Oga."

"Haba dai. Ga goshin, ga wannan tsagar ta haɓa..." Muryarsa ta dinga raguwa. Ya dubi Umma. Ya dubi Goggo. "Bari in duba janareto," ya ce, alhali da wuta. Ya ja mana ƙofar.



"Umma, wace ce wannan?"

"Maƙwabciyarmu ce a tsohon gida."

Goggo ta ja wani dogon tsaki da sai da ya kai bango ya dawo.

"Yaya!"

"Na ce wani abu? Haƙorina ne ya riƙe nama."

Na janye hoton baya don in ga duka. A kusurwar ƙasa akwai 'yan lambobin nan masu ruwan lemo da tsofaffin kyamarori ke bugawa. Tun ɗazu na sa musu ja ban ko karanta ba. Yanzu na karanta. Na sake karantawa.

Kwana tara bayan ranar da aka haife ni.

"Umma." Na ji muryata ta zama wata iri. "Ba ke ce kullum in na ɓata miki rai kike cewa wata guda cur kika yi a gadon asibiti saboda ni ba?"

"Agogon kyamarar ne ba daidai ba."

"Ga ki a tsaye. Da takalmi mai tsini."

"Na ce miki agogon..."

"Kai, ni na gaji!" Goggo ta buga cinya. "Na gaji, matar Malam! Maƙwabciya? Agogo? Saura ki ce aljana ce ta leƙo. Autarmu ce, 'Yar Malam. Ƙanwata, ƙanwar Malam, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ƙafar da kika yi rabin awa kina yaƙi da ita, taki ce."

Na dubi ƙafar da ke allon. Wauta ta sa har na leƙa tawa a ƙarƙashin tebur.

"Baba ba shi da ƙanwa," na ce. "Ku biyu ne."

"Mu uku ne."

Umma ta miƙe tsaye, kujerarta ta faɗi. "Da gangan kika yi! Da gangan kika kawo hoton nan!"

"Ƙwarai kuwa. Da gangan, da niyya, da alwala ma."

"Kin yi min alkawari!"

"Malam na yi wa alkawari, ba ke ba. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna ya ce a gaya mata. Kina wurin. Kika ce a bari a share hawaye. Aka share. Kika ce a bari ta gama jinyar zazzaɓi. Ta gama. Kika ce a bari zafi ya wuce. Shekara guda! Zafi ya wuce, sanyi ya wuce, zafin ya sake dawowa!"

"Ke me kika sani? Kin taɓa raino?"

"Shida na haifa!"

"Haihuwa na ce miki? Raino na ce!"

Suka taso wa juna ta saman kaina, ni ina zaune a tsakiya kamar tebur. Wannan ta nuna yatsa, waccan ta tafa hannu. Har maganar wata tukunya da aka ara shekara ashirin da suka wuce ta shigo ciki.

Na ɗaga hannu na daki tebur da ƙarfi har alƙalamin ya yi tsalle.

"Ya isa! Don girman Allah ya isa! Ni ake magana a kai, ko tukunya?"

Suka juyo gare ni.

"Ɗaya bayan ɗaya. Goggo, fara."

Goggo ta zauna. Ta gyara mayafi. Duk kaifin bakin nan sai na ga ya dushe.

"Mijinta direban babbar mota ne. Cikinki na wata bakwai ya yi hatsari, ko gawarsa ba ta gani ba. Malam ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Ta haife ki lafiya. Amma daga ranar sai ta daina magana. Ba ta ci, ba ta barci. A miƙa mata ke ta riƙe, kina tsala kuka tana kallon bango. Kin ga hannun Malam a ƙafarki? Ba wasa yake miki ba. Tsoro yake kar ta sake ki."

Na dubi dariyar da ke fuskar Baba. Na dubi hannun.

"Sati biyu bayan hoton nan aka kai ta asibiti, nesa. Shekara uku ta yi."

"Ta warke?"

"Ras. Ta dawo da 'yar jakarta da 'yar tsana ta saya miki. Ta miƙa hannu za ta ɗauke ki, kika ƙwalla ƙara kika ruga bayan wannan," ta nuna Umma da haɓa, "kina Umma, Umma. Kwana goma ana gwadawa. In ta shigo ɗaki sai ki shige ƙarƙashin gado. Likita ya ce kar a matsa mata, kar ciwon ya dawo. Malam ya ce a bari ki yi wayo. Ita kuma ta ce ba za ta iya zama tana kallo ba. Ta tafi."

"Na yi wayon ai. Shekarata ashirin da tara."

"To. Aka ce sai kin gama firamare. Aka ce sai sakandare. Aka ce jarrabawa gare ki."

"Ke nan Baba kawuna ne."

"Ta jini."

"Ke kuma ba goggona ba ce."

"Innarki ce ni, in za a bi ƙa'ida."

Dariya ta kuɓuce min, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Har sunan da nake kiran ki da shi ma gyararre ne? Ni da nake zaune nan kullum ina cire mutane daga hoto ana biyana, ashe a gidanmu ƙwararrun suke."

Umma ba ta zauna ba. Tana tsaye ta dafa bayan kujerata. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana.

"Watan nan guda ba ƙarya na yi ba."

Na ɗago.

"Kina da shekara ɗaya da rabi ciwon huhu ya kama ki. Kwana talatin da ɗaya. Gadon na yara ne, ba ya ɗaukata, amma in na sauka sai ki farka. Haka na dinga naɗe ƙafa ina kwana a gefenki. Har yau gwiwar nan ba ta koma daidai ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ban haife ki ba. Ban taɓa haihuwa ba, Allah bai ba ni ba. Amma ban sace ki ba. Miƙo min ke aka yi kina kuka, aka ce riƙe na kwana biyu."

"Me ya hana ki gaya min?"

"In ce me? In ce daga yau ki raba sona kashi biyu?"

"Sai ki bar ni in ji daga bakin manhaja da Oga?"



Akwai tambaya ɗaya da ta rage. Na san ta, su ma sun san ta, suna jira. Na ƙi yin ta. Na dubi agogo: uku da minti goma sha biyu.

Na ɗauki alƙalamina.

"Me za ki yi?" in ji Goggo.

"Aikina."

"Yanzu? Bayan duk abin da kika ji?"

"Ɗakin karatun bai ji ba. Gobe za a buɗe shi."

"To ki sa mata kore," in ji Goggo. "Ita da ke. A rataye kowa ya gani. An ɓoye ta ya isa."

"A bangon makaranta?" in ji Umma. "A gaban mutane? Ja za ta sa."

"Kore."

"Ja."

"Wallahi duk wadda ta sake kiran wani launi sai na kashe kwamfutar nan na tafi gida. In ma na san wane ne gidan."



Na bar ja, na bar kore. Wurin da manhaja ta kasa, hannu ke yi. Na jawo hoton har yatsun Baba suka zama manya kamar ginshiƙai, na fara dasa ɗigo ɗaya bayan ɗaya a bakin fatarsa. Ɗigo, lanƙwasa, ɗigo. Na bi bayan babban yatsa. Na gangara tsakanin yatsansa da diddigen jaririyar, inda ko siririn gashi ba zai shiga ba. Sau biyu ina kaucewa ina komawa baya. Hawaye ya ɗiga a kan allon zanen, na share da gwiwar hannu na ci gaba.

Na rufe layin. Na danna.

Baba ya tsaya shi kaɗai a kan fari, da kunnuwansa biyu, da yatsunsa cif. Hannun hagun ya ɗan lanƙwashe, kamar mai shirin ɗaukar alli. Wanda bai sani ba ba zai taɓa tambaya ba.

Na gyara gefen hular, na daidaita awo, na tura wa masu bugawa. Uku da minti arba'in da ɗaya. Saƙonsu ya shigo: sun karɓa.

Sannan na koma kan na asalin, wanda ban taɓa ba. Na zana sabon akwati, ƙarami, na kewaye rabin fuskar nan da ke cikin duhu. Na ajiye shi daban.

Na ajiye alƙalamin. Babu sauran abin da zan ɓuya a bayansa.

"Tana raye?"

Goggo ta dubi Umma. Umma ta dubi ƙasa.

"Tambaya na yi. Kuma don Allah kar wadda ta ce min sai zafi ya wuce."

"Tana raye," in ji Goggo. "Ɗinki take yi. Ba ta sake aure ba. Hoton ma nata ne, shi kaɗai ta tafi da shi."

"A ina take?"

Goggo ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

"Goggo. Inna. Ko ma wace ce ke. A ina take?"

"Ai... ba ta yarda ta ba ni hoton in taho da shi ni kaɗai ba. Ta ce ba ya kwana inda ba ta."

Umma ta ɗago kai a firgice. "Yaya, me kike nufi?"

"Tare muka zo. Tana ƙasan bene, kan bencin mai gyaran waya. Tun ƙarfe ɗaya."

Tun ƙarfe ɗaya. Na wuce ta gaban bencin nan da na sauka sayen ruwa. Na tuna akwai mutane a zaune. Ban dubi fuskar kowa ba.

Na miƙe. Ban san Umma na da sauri haka ba, da gwiwar tata da komai. Kafin in zagaye tebur ta riga ni ƙofa. Ta murza makulli, ta zare shi, ta damƙe a tafin hannu, ta jingina bayanta da ƙofar.

"Umma, matsa."

"Ki ba ni yau kaɗai."

"Shekara ashirin da tara aka ba ki."

"Yau kaɗai na ce. Mu je gida, in dafa miki abinci, ki ci, ki kira ni Umma sau ɗaya kina sane da komai. Gobe in kai ki da ƙafata."

"Kin ji ko?" in ji Goggo. "An fara. Gobe."

"Goggo, don Allah ki yi shiru!"

"Na yi."

"Umma, ba guduwa zan yi ba. Matakala goma sha biyu ce. In sauka, in gan ta, in dawo."

"Haka aka ce min a kanta ranar da za a kai ta asibiti. Za ta je ta dawo." Ta ƙara damƙe makullin. "Wanda ya sauka ba shi ne yake hawowa ba."

Na buɗe baki zan ba ta amsa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar.

Ba bugun Oga ba ne, shi da tafin hannu yake dukan ƙofa. Wannan sau biyu ne, a hankali, kamar mai tsoron tada barci.

"Yaya?"

Muryar mace. Gashin jikina ya tashi, don na san muryar. Ita nake ji duk lokacin da na saurari saƙon da na naɗa da bakina.

"Yaya, mai shagon ya ce nan ne. Na ga kun daɗe. Ba sai na shigo ba. Hotona kawai za a miƙo min, in an gama da shi. In kuma... in kuma ta gani, a gaya min. In jira, ko in tafi?"

Makullin na hannun Umma.

Su biyun kuma ni suke kallo.